Mutumin Dogo Ba Ya Cikin Tarihi

Litinin, 6 ga Oktoba 2025, bayan la'asar

Yau na fara konje, wato hutun da na ɗauka daga buro inda nake aiki, don in rubuta tarihin kamfaninmu, Yanka-da-Kanki. Ranar Asabar 8 ga Nuwamba za a yi bikin cikarsa shekara arba'in, ni kuma zan karanta tarihin a gaban baƙi. A reniyon iyali, wato taron dangi, aka ba ni aikin. To, ni na ba kaina, amma ba wanda ya ce a'a. Ƙanwata Habiba ta yi tari kawai, ita kuwa dama ƙurar takarda tana damunta.

Saboda wanda zai tsinci wannan kaye, littafin da nake rubutu a ciki, bayan raina: abin da muke sayarwa takardar yanka ce, wadda teloli ke kira patoro. Mace ta saya, ta shimfiɗa a kan yadi, ta bi layi da almakashi, ta ɗinka wa ƴaƴanta kaya a ɗakinta. Hajiya Fanta, mahaifiyata, ita ta fara abin a nan unguwar Birni. Yanzu muna da injin bugawa da mata masu ninki cike da ɗaki, Habiba ke kula da su. Ni ina ba da shawara daga nesa.

Da zan fita masallaci na iske wani tsoho a zaure, wai Malam Lawali daga Dogo. Farar riga sabuwa, ko alamar ninki ba ta sake ta ba, ga turare kamar ya faɗa cikin kwalba. Ya kawo wa Hajiya buhun gyaɗa, sabon girbi. An ce a da yana kai mana kaya ƙauyuka. Na gaishe shi, ya amsa da ladabin da ya wuce na dattijo ga ɗan cikinsa. Ban ga dalili ba.

Talata, 7 ga Oktoba, da hantsi

Na zauna da Hajiya da sabon bik na rubutu. Ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana, Direkta take ce mini tun ina lakwal, wato makarantar boko.

Na ce, "Hajiya, me ya ba ki basirar kafa wannan kamfani?"

Ta ce, "Wandonka."

Na ce ba za a faɗi haka a gaban manyan baƙi ba. Ta ce to in tashi in ba ta wuri.

Ga yadda ta ba da labarin. Babbar Sallar 1985 wani tela a Kasuwar Dole ya ɗinka mini wando, ƙafar dama ta fi ta hagu tsawo da kusan taƙi. Ranar jajibiri ya kawo, ba lokacin gyara. Wai haka na je Idi ina tafiya a karkace don ƙafafun su yi daidai. Ni ban tuna da wannan ba sam. Da aka sauko ta rantse ba ta sake kai wa tela yadi. Ta warware tsohon wandona na lakwal, ta shimfiɗa gutsattsarin a kan takardar buhun siminti, ta zagaye su da gawayi, ta ƙara yatsa biyu a kowane gefe, ta yanke. Da wannan takardar ta ɗinka mini wani, ya zauna cif.

Maƙwabciya ta ara. Ita ma aka ara a wurinta. Takardar ta zaga Birni gida-gida, a wani gidan akuya ta cinye kusurwa guda, mata kuma suka ci gaba da bin ta yadda suka same ta. Shekarar nan, in ji Hajiya, duk yaran Birni aljihunsu na hagu ba ya riƙe komai. Da ƙorafi ya yi yawa sai ta zana sababbi, ta ce kowa ta sayi tata.

Na ce, "A ina kika samu buhun siminti? Mu ba gini muke ba."

Ta ce, "Malam Lawali ya kawo. Lokacin yana lebura a ginin maƙwabta."

Sai ta yi wa almakashinta murmushi. Ban taɓa ganin mutum ya yi wa almakashi murmushi ba.

Na rubuta a tarihi: an samo takarda daga wani wuri.

Alhamis, 9 ga Oktoba, bayan azahar

Mutumin Dogo ya sake zuwa. Ranar kasuwa ce, kowa yana shigowa Zinder, ba abin mamaki. Kabewa ya kawo. Mu ba ma cin kabewa sosai.

Hajiya ta sa kwalli. Mai yiwuwa idonta ke ƙaiƙayi.

Asabar, 11 ga Oktoba, da yamma

Yau ba ranar kasuwa ba ce. Ya zo.

Matata Rabi ta ce, "Baban Nafisa, kai kaɗai ne a gidan nan ba ka gane ba." Na ce babu abin ganewa. Ta ce har kajin gidan sun gane. Na ce ina rubuta tarihi, a daina shigo mini da maganar kaji.

Lahadi, 12 ga Oktoba, bayan la'asar

Hajiya ta kira ni da Habiba ɗakinta. Ta yi wata magana. Ba zan rubuta ta ba.

Habiba ta rangaɗa guɗa, ta rungume ta. Ni na tashi na fita. Sai da na kai bakin titi na ga takalmin Habiba ne a ƙafata.

Shekarunta saba'in. Jikarta Nafisa tana jami'a. Marigayi Baba ya yi aikin gidan waya har ya ajiye, duk Damagaram an san shi da mutunci. Ni kaina ina da ma'aikata a ƙarƙashina a buro. Me zan ce musu? In ce ina neman izinin fita, za a kai mahaifiyata ina?

Ba zan rubuta ba.

Litinin, 13 ga Oktoba, da safe

Ba abin da ya faru.

Laraba, 15 ga Oktoba, da hantsi

Na koma kan aiki. Na je wurin Iya Barira, ƙawar Hajiya, wadda ta fara yi mata ninki tun ana zana patoro da hannu. Kunnenta ya yi nauyi, saboda haka tana magana kamar wanda take yi wa yana ƙetaren tafki. Na roƙe ta ta ba ni tarihin kamfani zalla, ban da mutanen waje.

Ta ce, "Kai Bukar, rubuta da kyau, ni na yi wa uwarka wankan jego da ta haife ka."

Ta ce wahalar farko ita ce yawancin mata ba su yi boko ba, ba za a rubuta musu hannu ko wuya a takarda ba. Sai Hajiya ta riƙa zana ƴan hotuna a gefe: kifi ya haɗu da kifi, tulu da tulu, tsuntsu da tsuntsu. Ka haɗa su, riga ta fito. Girma kuma ba ta sa lamba ba. Na yara akwai Mai Rarrafe, Mai Yaye, Ɗan Lakwal. Na mata akwai Siririya, Daidai, Masha Allah, sai Tubarkalla. Ta ce mace tana fushi da lamba, amma ba wadda ta taɓa fushi don an ce mata Tubarkalla.

Wannan duk na rubuta da daɗin rai. Sai na yi kuskure na tambayi yadda kaya suka isa ƙauyuka.

"Lawali mana! A keken hawa! Dogo, Guna, Zermu, duk shi!"

Na ce mu wuce wannan. Ba ta ji ba.

Wai ranar farko a kasuwar Guna dariya aka yi masa, ana cewa takarda za mu sa? Sai ya ciro rigar gwaji da Hajiya ta ɗinka, Tubarkalla, mai furanni, ya zura ta a kan tasa rigar, ya zaga kasuwa yana kiran, "Yanka da kanki, uwargida! Tela ya huta!" Kafin azahar kayan sun ƙare. Maigarin Dogo ya kira shi ya yi masa faɗa. Matar Lawali, marigayiya Husaina, ta daina yi masa magana, daga baya ita ta zama mai sayar mana a garin.

Na ce, "Iya, ai Baba ne ya raɗa wa kamfani suna."

Ta ce, "Babanka kunyar sunan ma yake ji!"

Duk layin sun ji.

Na rubuta: wani ɗan talla ya taimaka.

Juma'a, 17 ga Oktoba, bayan masallaci

Da safe na kai Hajiya wani kilinik, na ce mata dubawar shekara ce. Na ja dokta gefe na ce ya duba mini kanta da kyau, tana yanke shawarwari kwanan nan. Ya tambaye ta ranar yau, ta faɗa. Ya tambaye ta sunayen jikokinta, ta jero su har da wanda ke ciki, wanda ni ban san da shi ba. Sannan ta ce ya juya, ta ja kafaɗar farar rigarsa ta ce duk wanda ya yanka ta bai so shi da alheri ba.

Dokta ya ce lafiyarta lau. Ya dube ni ya ce in miƙo hannu. Tansiyona ya hau, hawan jini ke nan. An rubuta mini magani, an hana ni gishiri.

Hajiya ta riƙe mini ledar maganin har mota, tana cewa sannu Direkta, taka a hankali.

Asabar, 18 ga Oktoba, da rana

Miyan kabewa. Ba gishiri.

Litinin, 20 ga Oktoba, bayan azahar

Na je wurin Liman Alkasum na masallacin unguwa. Na ce ina tambaya ne a madadin wani abokin aikina, wanda mahaifiyarsa ta manyanta, wani kuma ya fito da wata magana.

Liman ya ce, "Allah ya sanya alheri. Malam Lawali ya zo ya gaishe ni, mutumin kirki ne."

Na ce ba shi ba ne, abokin aikina ne.

Ya ce, "To ka gaya wa abokin naka, shari'a ba ta yanka wa abin nan shekaru ba. Idda ta wuce da daɗewa, shi ma matarsa ta rasu, ba abin da ya hana."

Na ce ai sai da waliyyi, ƴan'uwanta maza kuwa duk sun riga mu gidan gaskiya. Na faɗi haka ina jin na kama bakin zaren.

Ya yi dariya har rawaninsa ya motsa. Ya ce, "A mazhabarmu ɗa shi ne waliyyin uwarsa, yana gaban kowa. Abokin naka shi zai bayar. In yana jin kunya ya sa wakili. In ya ƙi ba dalili, alƙali ya bayar."

Na ce ni zan bayar?

Ya ce, "Abokinka."

Na dawo gida na sha maganin rana da na yamma gaba ɗaya.

Alhamis, 23 ga Oktoba, da yamma

Na leƙa ɗakin ninki in ba da shawara. Na iske mata sun baza yadi iri ɗaya, shuɗi mai ganye, kowa da almakashi. Na ce wannan fa? Habiba ta ce ankon bikin kamfani ne. Na ce madalla. Wata daga baya ta ce, "Da ɗayan bikin." Aka tsunkule ta.

Ashe Hajiya ta ce tun da an riga an yi hayar rumfa da kujeru da mikro mai ɗaga murya na ranar takwas ga wata, ba ta ga dalilin tara mutane sau biyu ba.

Rabi tana cikinsu. Matata. Tana yanka Masha Allah. Bara Daidai ce, amma ban ce komai ba, ni mai haƙuri ne.

Lahadi, 26 ga Oktoba, bayan magariba

Na je Dogo. Niyyata in ga gidan da idona, in tattaro hujjoji: ko ba wuta, ko ruwa da nisa, ko rufin yana zuba.

Ban kai gidan ba. A bakin gudiro, titin kwalta, na tambayi hanya wurin mai shayi, sai wani mai tabarau ya taso daga shagon taki ya ce shi ne Sha'ibu, babban ɗan Malam Lawali. Sa'ana ne ko kusa. Da na faɗi ko ni wane ne ya riƙe hannuna da hannu biyu.

Ya ce, "Alhamdu lillahi da ka zo. Mu ma ba mu yarda ba."

Wallahi tun farkon watan nan ban ji sanyi a raina irin na lokacin ba. Muka zauna a benci, ya sa aka haɗa mini shayi. Na ce abin bai dace ba. Ya ce ko kaɗan. Na ce mutane za su yi magana. Ya ce sun ma fara.

Sai ya ci gaba. Ya ce, "Ka duba fa. Matar birni, ƴar kasuwa, ta saba ba da oda. Shekara saba'in, me za ta tsinana masa? Ba na jin ko tuwo ta iya tuƙawa. Mu mun so a samo masa wata a nan mai sauran ƙarfi, mai asali."

Na ajiye kofin.

Ya ce, "An ma ce kwanan nan sai da aka kai ta likita a duba kanta."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce uwata ce ba ta iya tuwo ba? Na ce asalinmu daga Barno, kakanninmu suna Birni tun ana gina ganuwa. Na ce matar da ta tufatar da rabin Damagaram da takardar siminti? Na nuna wani yaro da ke wucewa na ce wannan wandon Ɗan Lakwal ne, na san yankan, ku tambayi uwarsa. Na ce dokta da bakinsa ya ce ta fi ni lafiya. Na ce tsohonku ne ya yi sa'a, shi ke zarya da kabewa, mu ba mu aika a kira shi ba. Mutane suka taru. Sha'ibu ya ce ai su ba su yarda ba dai. Na buga benci na ce, "Wallahi sai an ɗaura auren nan! Ni ne waliyyi, in ga wanda zai hana!"



Sai na ji murya a bayana: "Allah ya yi maka albarka, Malam Bukar."

Malam Lawali ne. Ya dawo daga gona da kwando a kafaɗa, yau ba turare. Wani tsoho a bencin ya ɗaga hannu ya ce a yi fatiha. Aka yi. Ni ma na shafa, me zan yi?

Ya kai ni gidan. Akwai wuta. Rufin ba ya zuba, na duba. Ya share ɗaki guda ya shafe shi da farar ƙasa, ya buɗa taga babba ta gabas, wai saboda mai zane tana son haske.

Litinin, 27 ga Oktoba, da safe

Labari ya riga ni isowa Zinder. Rabi ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce ina kwana waliyyi.

Alhamis, 30 ga Oktoba, bayan la'asar

Na shiga wurin Hajiya ba bik, ba kaye. Tana zaune tana shafa man zafi a gwiwa. Na daɗe ina kallon tabarma, sannan na ce, "Hajiya, me kika rasa a gidan nan?"

Ta ce, "Ban rasa komai ba."

Na ce to me ya sa?

Ta rufe kwalbar man. Ta ce, "Tun da mahaifinka ya rasu, duk wanda ya ɗaga labulen nan da tambaya yake shigowa. Hajiya tawada ta ƙare. Hajiya injin ya tsaya. Hajiya raba mu faɗa. Kai ma ga ka da taka. Shi in ya zo ba ya tambayar komai. Ya ba ni labarin saniyarsa, in ba shi labarin gwiwata, rana ta faɗi. Waɗanda suka san ni da ƙuruciyata sun ƙare, Direkta. Sai Barira, ita kuma in za ka gaya mata sirri sai ka gaya wa unguwa."

Na ce, "Baba fa?"

Ta ce, "Mahaifinka shi ya saya mini keken ɗinkina na farko. Daga tasha a ka ya ɗauko shi, da kayan aikinsa na gidan waya a jikinsa, don kada a buga shi a amalanke. Mutane suna kallo, shi da yake jin kunyar komai. Sa wannan a tarihinka, ban ji ka tambaya ba. Ba wanda zai zauna a wurinsa. Ni dai ina son wanda zan ci tuwo da shi a kwano ɗaya kafin a kira ni."

Na miƙe ina share ido, ina jin maganin nan ne.

Da zan fita ta ce, "Liman ya ce kana iya sa wakili. Ba na so. Kai nake so ka faɗa."

Litinin, 3 ga Nuwamba, da hantsi

Hajiya ta tara ma'aikata ta ce za ta faɗi wanda za ta bar wa kamfani. Na sa babbar riga. Na shirya ƴan kalmomin godiya, gajeru, saboda ba na son nuna kai.

Ta ce Habiba.

Aka yi tafi. Habiba ta yi kuka, ta ce ba za ta iya ba, alhali duk mun san ita ke yi tun tuni. Wata ta tambaya, to Yaya Bukar fa? Hajiya ta ce, "Shi ai Direkta ne, ya ci gaba." Aka sake tafi, har ya fi na farko. Na miƙe na karanta kalmomin godiyata, tun da na riga na rubuta. Sun dace, in ban da wurin da na ce zan kawo sauye-sauye.

Asabar, 8 ga Nuwamba, bayan magariba

An yi.

Tun hantsi motoci suka riƙa sauke mata daga Zermu da Guna da Dogo, kowace da rigar da ta yanka da hannunta, suna jan juna suna nuna ɗinki. Rumfa ba ta ɗauke su ba, suka cika layi.

Maza muka zauna a ƙofar gida. Sha'ibu ne wakilin ango, ubansa ya sa shi, ya zo fuska a murtuke kamar an aiko shi karɓar gawa. Ya nema wa ubansa auren Hajiya, Liman Alkasum ya juyo gare ni. Na ce na ba shi. Liman ya ce shaidu ba su ji ba. Na sake faɗa. Wani daga baya ya ce har yanzu. Sai aka miƙo mini mikron da aka yi haya saboda jawabina, mai kula da shi kuma ya murɗe shi har ƙarshe.

Na ce, "Na ba shi."

Tantabarun masallaci suka tashi. An ce an ji har bakin ganuwa. Daga cikin gida guɗa ta ɓarke. Sai wani sauti ya fito daga maƙogwarona, ban saki mikron ba, shi ma duk Birni ta ji. Mura ce. Liman ya zare mikron daga hannuna a hankali, ya dafa kafaɗata, ya ja fatiha.

Bayan azahar na karanta tarihi. Na faɗi wandon. Na faɗi keken ɗinkin da Baba ya ɗauko a ka, na ga Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska. Da na zo kan wani ɗan talla, Iya Barira ta ƙwala daga cikin mata, "Faɗi sunansa!" Na faɗa. Wata tsohuwa daga Guna ta miƙe ta ce ita tana kasuwar ranar, rigar ma ta yi masa kyau. Malam Lawali ya sunkuyar da kai yana ta jan carbi.

Da la'asar aka tafi da Hajiya. Ƙawayenta suka ce al'ada ce amarya ta yi kuka. Ta ce ta yi nata tun auren fari, wani ya karɓa mata. Duk suka juyo suka dube ni. Na shiga ɗaki neman wani abu.

Lahadi, 9 ga Nuwamba, da safe

Gidan ya yi faɗi.

Laraba, 12 ga Nuwamba, bayan magariba

Da safe na ga Hajiya ta bar matashin kanta, wanda wuyanta ya saba da shi. Rabi ta ce an kai mata sababbi, in kuma dole ne a ba direban tasha. Na ce direbobin nan ba su da amana. Na sa shi a kujerar gaba na kama hanyar Dogo.

Da na isa ƙofar gidan na iske Sha'ibu zaune a dakali, rungume da kaza. Muka gaisa sama-sama. Ya ce ya kawo wa tsoho ne, ko za a yi farfesu. Na ce aiko ka aka yi? Ya ce a'a. Ya dubi matashin, bai tambaya ba.

Na ce, "Me ya hana ka shiga?"

Ya ce, "Saurara."

Daga cikin gida ana dariya. Muryar namiji tana faɗin wani abu da ba na ji sosai, sai ta mace ta katse shi, sai su fashe tare. Ita har da tari, tana cewa bari, bari, cikina. Na daɗe kafin in yarda muryar Hajiya ce. Shekara hamsin ina gidanta, na san faɗanta, na san addu'arta, wannan ban san ta ba.

Sha'ibu ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, kazar tana neman zillewa. Ya ce, "Tun da Inna ta rasu ban ji shi haka ba."

Na ce mu ɗan ba su lokaci.

Ya matsa mini a dakalin. Can ya tambaye ni shekarar haihuwata. Na faɗa. Ya yi lissafi da yatsu, ya ɓata rai, ya ce, "To, Yaya."

Muka zauna har aka kira la'asar, ni da matashi, shi da kaza.